Bulalar da Ban Yi wa Baffa Ba

Ina aji biyar a firamaren unguwarmu a Argungu aka kawo Baffa ajinmu. Ƙanin mahaifina ne, autan kakata, shekararsa goma sha bakwai, ni kuwa sha ɗaya. Shi ya riƙa saɓa ni a kafaɗa ina ƙarama, ya kai ni bakin gulbi kallon masunta. Karatun allo ya yi nisa a ciki, amma boko bai taɓa shiga ba, yana can fadama wajen shinkafa. Da kansa ya tsaya kai da fata sai an sa shi. Mahaifina ya ce ƙato da gashin baki zai je ya zauna cikin yara su raina shi, Baffa ya ce ya ji ya gani. Hedimasta ya dubi tsawonsa ya ce wannan ba ya shiga aji ɗaya, ya turo shi wurinmu. Bencin ma bai ishe shi ba, sai ya miƙe ƙafafunsa ta gefe.

Wahala kam ya sha ta. Yara su yi ta kiransa Baban Aji, shi ko a jikinsa. Burinsa ɗaya, ya gama firamare ya riƙe takardarsa a hannu.

Malamin Turancinmu baƙo ne, daga Birnin Kebbi aka turo shi, bai san wane ɗan wane ba. Ba mugu ba ne, kuma wallahi ya iya koyarwa. Sai dai ya tarar da wata doka a makarantar ya rungume ta: wanda ya ba da amsa daidai, shi zai zane waɗanda suka kasa. Ni kuwa baki gare ni da rawar kai. Na zane 'yan ajinmu ba adadi, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji.

Wata Talata da hantsi ya ja layi uku a allo, jiya da yau da gobe. Ya rubuta kalma ɗaya a sama, work, wato aiki, ya ce a juya masa ita: na yi, ina yi, zan yi. Ya fara daga bencin baya. Wanda ya kasa ya tsaya a tsaye. Ni ko waiwaye ban yi ba, hannuna na sama ina ta "Malam ni! Malam ni!" Da ya nuna ni na miƙe na zuba ba numfashi, I worked, I work, I will work, har da she works da ba wanda ya tambaye ni. Aka tafa mini. Malam ya miƙo mini tsumagiyar dogon yaro ya ce uku-uku.

Sai da na juya na ga abin da na jawo. Mutum huɗu ne a tsaye, na ƙarshensu Baffa. Ya baro gona ke nan da sassafe, busasshiyar laka na nan a dugadugansa.

Na yi wa ukun farko nasu. Da na iso gabansa ya miƙo tafin hannunsa, duk ya yi kanta, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Doka ki gama, ɗiyata. Ba komi."

Na ajiye bulalar a kan benci.

Malam ya ce, "Ke, me kike jira?"

Na ce, "Malam, wanga Baffana ne. Ƙanin ubana. Ba ni dukanshi."

Ya ce a aji babu baffa, ɗalibi kawai ya sani. Na ce to shi ya sani, ni dai a gida tsugunawa nake in gaishe shi, kuma gidan zan koma. Malam ya ce in ban yi ba, ukun Baffa za su dawo kaina, a ƙara mini uku na taurin kai. Haba! Ai kamar ya zuga ni. Na miƙa hannu na ce bismilla.

Ta farko ta shige ni har ƙwaƙwalwa. Na cije leɓe, na rantse a raina ko ɗigon hawaye ba zai gani ba. Ya yi ta biyu. Ya ɗaga zai yi ta uku, sai na ga hannun Baffa ya riƙe bulalar a sama. Ya zare ta daga hannun malam, ya karya ta biyu, ya ajiye masa a kan tebur, ya ɗauki littafinsa ya fita.

Bai sake komawa ba. Hedimasta ya aiko har sau biyu, malamin ma ya zo zaure da kansa da ya gane zancen, Baffa ya gaishe shi da girmamawa ya ce an gode. Kakata ta yi ta sa mini albarka. Mahaifiyata kuwa ta ce kafiyata ce ta jawo, da na ɗan taɓa shi sama-sama da an wuce wurin. Na yi kwanaki ina jin haushin kowa, har da ita.

Yanzu ina zaune a unguwar Badariya a Birnin Kebbi, ni ma Turancin nake koyarwa, kuma duk ajin da na riƙe ba ɗan da ke ɗaga wa ɗan'uwansa bulala. Baffa na noman albasa a wajen Augie, gemunsa ya fara fari. Bara ya kawo mini wata takarda daga asibiti in karanta masa. Ina karantawa yana bin bakina da kallo, sai na kasa daurewa, na tambaye shi abin da ya hana shi komawa.

Ya ce, "Da kin doke ni, da na zauna. Dukana ba komi ne ba. Amma a doki ɗiyar wana saboda ni, in dawo gobe in zauna bencin nan? A'a."

Maganar ta soke ni, don na san gaskiya ya faɗa, takardar da ya so ni na raba shi da ita. Na ninke ta asibitin na miƙa masa da hannu biyu.

Na ce, "Baffa, ka yahe mini. Amma ko yau anka sake ba ni bulalag ga, ba ni dukanka."

Ya ce, "Na sani."