Bakin Baba

Duk mai kallon labaran yamma ya san ta, ko da bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. Ita ce matar nan da ke can ƙasan allo, cikin 'yar kusurwar dama, da baƙar riga, hannuwa na ta kai da kawo don kurame su ma su san abin da duniya ke ciki. A gidan talabijin Tafinta suke ce mata. A unguwa kuwa Bakin Baba ake kiranta tun tana ƙarama, kuma sunan ya bi ta har furfura ta fara leƙo mata.

Ubanta kurma ne, haka ma marigayiya uwarta. Shi kafinta ne a makarantar kurame, shi ke gyaran benci da ƙofa da gadajen yara, har mutane ke tsokanarsa wai kafinta ya haifi tafinta. Ita kaɗai Allah ya ba su, ya kuma ba ta kunne da harshe, don haka tun haƙoran nono ba su zube ba aka ɗora mata aiki. Ita ce a kasuwa, ita ce a asibiti, ita ce in an yi cacar baki da maƙwabta. Baba kuwa mutum ne mai zafi, hannunsa ba shi da linzami. Zai tsaya gaban mai gidan haya ya nuna masa cewa shi macuci ne mai tumbin banza, ita kuma ta ɗaga kai ta ce, "Baba ya ce don Allah a duba mana famfon nan." A gyara famfo, kowa ya kama gabansa.

Baba ba wawa ba ne. Yakan dubi fuskar mutumin ya ga bai fusata ba, sai ya juyo ya ƙura mata ido, ya ja kunnenta yana dariya. Da ta girma ta sami aikin talabijin, ranar ya zaunar da ita a shagonsa cikin ƙurar katako, ba dariya. Ya nuna mata da hannu: "Da can ke yarinya ce. Yanzu jama'ata duk ta bakinki za su yi magana. Ban da ragi, ban da ƙari." Ta yi masa alkawari, ta kuma riƙe shi shekara da shekaru.

Sai Tauraro ya shigo rayuwarsu. Mawaƙi ne kuma ɗan fim, irin wanda hotonsa ke bayan kowace motar haya. Rana ɗaya aka wayi gari wai tausayin kurame ya hana shi barci, zai buɗe gidauniya a talabijin kai tsaye, jama'a su bugo waya su taimaki makarantar. Tafinta ta ji daɗi, wallahi ta ji. Baba da kansa ya kwashi katako ya je ya haɗa musu dandamali, ko sisi bai karɓa ba.

Abin da ya fara tsaya mata a rai ƙarami ne. Ta ga mai kwalliya tana shafa wa Tauraro wani abu a ƙasan ido kafin a kunna kyamara. Ta ga ya koyi alama ɗaya tak ta maganar hannu, ta "ina son ku", ita ma a karkace yake yin ta. Da an tafi talla sai ya saki hannun yaron da yake riƙe da shi, ya ciro waya. Sannan ta lura, ko dai zuciyarta ce ke raya mata, cewa duk shekara tausayin nan ba ya tashi sai sabon faifansa ya kusa fita. Kurame kuwa ba a ɓoye musu fuska. Cikin mako guda suka raɗa masa suna: yatsa ya gangaro daga ido zuwa kunci, sannan a dubi agogon hannu.

Kada a yi masa ƙarya, an ga wani abu. An shafe bangon gaban makarantar da fenti, iyakar inda kyamara ke kamawa. An kafa allo mai hotonsa yana murmushi, wanda ya fi ƙofar makarantar girma. Wani kamfani kuma ya aiko da kwalayen rediyo. Rediyo fa, ga kurame! Rufin ɗakin kwanan yara, wanda dominsa aka ce ana taron, yana nan yana yoyo. In ruwa ya sauko yara su ja gadaje gefe guda su jera bokitai, Baba ya hau da tsufansa yana liƙe ramuka da kwalta. Sauran abin da aka tara, in ka tambaya, sai a ce maka hidimar shiri ta cinye.

A shekara ta uku Furodusa, wata mata mai saurin magana da ba ta taɓa zama a kujera har ta ɗumama, ta ce yara sun gundure masu kallo, tsoho take so, mai farin gemu. Shugaban makaranta ya nuna Baba. Tafinta kuwa ta san kayanta. Ta lallaɓa Baba, ta ce fitilun wurin zafi gare su, ta ce tsayuwar za ta taɓa masa gwiwa. Ya bar ta ta gama, sannan ya tambaye ta: "Abin da hannuna ya faɗa, shi bakinki zai faɗa?"

Ta ce shi za ta faɗa.

Ranar shirin, da la'asar, Furodusa ta ja ta bayan labule tana saƙala mata ɗan abin saurare a kunne. "Anti, na ji labarin tsohon naki. In ya kauce hanya ke ce birki, kin gane?"

"Hajiya, aikina in faɗi abin da aka faɗa."

"Ke dai ki saurare ni. Kina tsammani ni ban san abin da ake ciki ba? Na fi ki sani. Amma in mutumin nan ya ji kunya yau, ya tafi ke nan, gobe marayu zai koma ko makafi. Wa zai ƙara kawo kyamara makarantarku? Ɗan abin da ke zuwa ma ya yanke. Kusurwar nan taki kuma, ba gori nake miki ba, akwai masu jiranta a layi."

Haushin da Tafinta ta ji shi ne, ba duka maganar ce ƙarya ba.

Aka kunna fitilu. Tauraro ya rera waƙarsa, ido ya kawo ruwa daidai inda ake so, wayoyi suka fara ƙara. Sannan aka fito da Baba cikin rigarsa mai kyau, aka tsayar da Tafinta a gefensa da makirufo. Tauraro ya russuna ya ce, "Baba, faɗa wa duniya abin da gidauniyar nan ta yi muku." Ta mayar masa da hannu yadda aka faɗa.

Baba ya gyara tsayuwa. Hannuwan nan masu kanta suka tashi, a hankali, yadda kowane kurma zai gane. "Sau biyu kuna ba da kuɗi don rufi. Ba a sa kwano ko ɗaya ba. Yara cikin ruwa suke kwana. Wannan mutumin bai taɓa shiga ɗakin ba. Ku tambaye shi ina kuɗinku."

A kunnenta Furodusa ke cewa, "Matso da kyamara kan fuskarsa, a cire hannun. Anti, muna jiranki." Ta saci kallon ƙaramin allon da ke ƙasa, ta ga gemu da idanu kawai. Ko kuramen da ke kallo a gida ba za su ga komai ba. Duk ƙasar nan ita kaɗai ta san abin da tsohon ya ce. Ta tuna bokitan, ta tuna hayar gida, ta ce a ranta bari dai ta ɗan sassauta, rufin ai za ta ambata.

Ta ce, "Baba ya ce suna godiya da abin da aka yi a baya. Ya ce har yanzu rufin ɗakin yara na buƙatar taimakonku, kada ku gaji."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Tauraro ya fashe da kuka, ya kama hannuwan Baba duka biyu ya ƙanƙame a ƙirjinsa. Baba ya yi ƙoƙarin zarewa, akwai sauran magana, amma an riƙe su gam. Tafinta ta ji kamar ta kurma ihu, don riƙe hannun kurma toshe masa baki ne. Baba bai dubi Tauraro ba. Ya dubi mutanen da ke tafi suna murmushi, layi bayan layi, sannan ya juyo ya dube ta.

An ce ba a taɓa tara abin da aka tara a ranar ba. Furodusa ta rungume ta, har da cewa Allah ya yi mata albarka.

Ta same shi a barandar baya, zaune kan wani akwatin kayan wuta, takalmansa a gefe. Ta durƙusa a gabansa, ta shiga bayani: makarantar, yaran, abin da matar ta ce, ai ta ambaci rufin. Ya kalle ta har ta gama. Babu fushi a fuskarsa, kuma da ma fushin ya yi da ta fi samun sauƙi. Can ya ɗaga hannu.

"Ranar da likita ya yi magana a kan uwarki, ya ce babu sauran abin yi, a kai ta gida. Haka ya faɗa? Ko ke kika faɗa?"

Wallahi a waccan ranar, gaskiya ta gaya masa, ko kalma ba ta taɓa ba. Ta ɗaga hannu da sauri za ta rantse. Baba ya rufe idanunsa. Ta taɓa gwiwarsa, ta sake taɓawa, bai buɗe ba.