Delbert Hutto Ya Fita Neman Maƙiyi

Delbert Hutto bai taɓa karatu a Kwalejin Maddox ba. Sakandare ma da ƙyar aka tura shi ya fita. Amma in ka ji yana cewa "mu", sai ka rantse ubansa ne ya gina makarantar. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana figar kaji a kamfanin bakin gari, da gwiwa ta gaza ya koma gefen titi da tukunyar dafaffiyar gyaɗa, leda dala biyar. Duk wannan neman abinci ne kawai. Aikinsa na gaskiya, wanda kowa a garin Maddox na jihar Jojiya ya san shi da shi, shi ne ƙin Corley.

Corley ɗin nan wata kwaleji ce mil goma sha tara daga garin, in ka haye rafi ka wuce gonakin auduga. Tun kafin a haifi uban Delbert makarantun biyu ke buga ƙwallo duk Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Samari su kifa hular kwano su yi ta tunkuyin juna a fili, tsofaffi su yi ta zagin juna daga kan benci. Launin Maddox kore, na Corley ruwan goro. To shi Delbert ya ɗauki abin ya kai shi inda ko masu wasan ba su kai ba. Ba ya cin karas saboda launinsa. Matarsa Vonda a tsaye take cin kek ɗin kabewa a bayan ƙofar kicin, kamar mai shan ƙwaya. Ranar da fasto ya yi wa'azin a ƙaunaci maƙiyi, Delbert ya ɗaga hannu a tsakiyar coci ya tambaya ko har da na ƙetaren rafi. Da 'yarsa ta nace sai ta auri wani nas da ya yi karatu a Corley, ya raka ta har gaban fasto, ya miƙa ta, sannan ya sunkuya ya raɗa wa angon sakamakon wasan bara a kunne.

Kuma yana da allo. Duk shekara sai ya sami falankin katako ya rubuta wa Corley baƙar magana da fenti, ya ɗaga a filin wasa. Gari kaf jiran allon ake yi. Jaridar garin ta ɗauki hotonsa, a shagon aski a yi sati ana maimaitawa. Wata goma sha ɗaya shi mai gyaɗa ne, ko sannu ba kowa ke masa ba. A Nuwamba kuwa har magajin gari sai ya tsayar da mota ya tambaye shi me za a rubuta bana.

Sai Maddox ta hau babban rukuni na gasar ƙwallo. Shugabar kwalejin ta tsaya gaban kyamara ta ce yanzu an shiga sahun manya, za a riƙa nuna mu a talabijin, za a ƙara wa filin wasa bene. Delbert ya yi rawa a titi da gwiwar tasa, ya raba gyaɗa kyauta. Kwana uku yana wannan hauka kafin Cleon mai aski ya gaya masa, yana cikin gyara masa ƙeya, cewa 'yan babban rukuni ba sa wasa da irin su Corley. An bar su a ƙasa. Wasan ya mutu ke nan.

Delbert ya ce to allon fa, sunan wa zai rubuta. Cleon ya ce ya rubuta farashin gyaɗa.

Makarantar ma ta san akwai matsala, don ba a cika fili in babu wanda ake ƙi. Sai suka kafa kwamitin zaɓen abokin gaba, suka ɗauko wani ɗan ƙwalisa daga Atlanta mai suna Bryce Tillman, mai haƙora farare tas kamar bai taɓa cin abinci da su ba. Delbert kuma aka sa shi a kwamitin a matsayin muryar jama'a, wato wanda za a ɗauki hoto da shi. Ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita.

Bryce ya haska taswira a bango ya ce gaba ai aunawa ake yi. A duba tafiyar awa nawa ce a mota, a duba gida nawa ne ke da talabijin a tsakani, tarihi kuwa daga baya ake haɗa shi. Ya jero makarantu uku. Har kofi an riga an tanada, wani kamfanin katifa ne ya ɗauki nauyi, don haka sunansa Kofin Katifa.

"Ɗan nan, me suka yi mana?" in ji Delbert.

"Su wa, yallaɓai?"

"Su ukun nan. Wa ya taɓa sace mana akuyar da muke zuwa da ita fili a cikinsu? Wa ya taɓa zuba mana gishiri a ciyawar fili?"

Bryce ya ce babu tukuna, amma ai dama ce ta fara abu sabo.

Delbert ya zuba wa taswirar ido, ya ga Jami'ar Stanfill, wadda ta fi duka girma, mai ɗalibai dubu talatin. Sai ya tuna a shekarar 1987 tayarsa ta taɓa fashewa a garin, mai facin ya yi masa wani kallo. Ya buga tebur ya ce ita ce. Kwamiti ya amince don kowa yunwa yake ji. Delbert ya fito yana taƙama kamar wanda ya zaɓi amarya a hoto.

Ranar wasan farko, a Oktoba, ya tuƙa akori-kurarsa awa huɗu zuwa Stanfill. Ya yi kore tun daga hula har safa. Allonsa na cewa 'yan Stanfill ba sa gane digirinsu daga takardar naɗe kifi. Sati uku ya yi yana gyara wannan magana. Ya ajiye mota a tsakiyarsu, inda suka baje rumfuna suna gashin nama, ya ɗaga allo, ya gyara tsayuwa yana jiran a jefe shi da gwangwani.

Wata mata mai ƙatuwar hula ce ta fara zuwa. Ta karanta allon, ta dafa ƙirji ta ce kai, wannan tsoho da ban dariya yake. Ta kira mijinta ya ɗauke su hoto. Kafin ya ankara an danƙa masa faranti, soyayyar kaza da wake da burodin masara, da kofin shayi mai ƙanƙara. Mijin ya tambaye shi Maddox ɗin a Karolina take ko.

"A nan Jojiya take, kuma mu ne maƙiyanku," in ji Delbert.

"Allah sarki. Tun yaushe?" in ji mijin.

"Tun watan Maris. An sa hannu."

"Baba, kada ka ji haushi, amma mu muna da namu maƙiyin tun zamanin kakanni, sati biyar ya rage mu haɗu da su. Bayansu akwai wasu biyu da muke ƙi in mun sami sarari. Sai dai ka bi layi. A ƙaro kaza?"

Delbert ya zagi kocinsu, mutumin ya ce wallahi shi ma haka yake faɗa kullum. Ya zagi garinsu, matar ta ce ai cunkoson motoci ya lalata shi. Da abin ya ishe shi ya taɓo iyayensu mata, sai ta shafa masa kafaɗa ta ce za ta sa shi a addu'a. Kazar kuma ga daɗi, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya cinye.

An ci Maddox hamsin da shida da uku. Da Maddox ta samo ukun nan, mutanen Stanfill tafa mata suka yi, irin tafin da ake wa ɗan yaye in ya yi taku biyu. Aka tashi, 'yan wasansu suka shige ɗakin wanka suka manta da Kofin Katifa a kan tebur a gefen fili, sai mai shara ne ya bi su da shi. Jaridar Maddox ba ta buga hoton allo ba. Magajin gari ya wuce ta gaban tukunyar gyaɗa sau biyu, ko gilashi bai sauke ba.

Nuwamba ta zo. Masu talabijin sun mayar da wasan Maddox na ƙarshe ranar Talata, don Asabar ta manyan gaske ce. Asabar ɗin bayan bikin godiya Delbert ya tashi ba shi da inda za shi, karo na farko tun yana ɗan shekara tara. Ya zauna, ya miƙe, ya buɗe firij, ya rufe. Vonda ta ce in ya ƙara zagaya mata falo sau ɗaya za ta kira masa fasto. Ya ɗauki makulli ya ce zai je duba taya.

Corley ya tafi. Suna wasa da wata 'yar makaranta daga Tenesi da ko sunanta bai iya faɗa ba. A ƙofar fili Ozella Fitch ce ke yagar tikiti, tsohuwar da ta shekara talatin tana wannan aiki, bakinta kuma ya fi almakashi. Ta sauke tabarau ta dube shi sama da ƙasa.

"Delbert Hutto. An koro ka daga gidan manya?"

"Wucewa nake, na ji wari, na ce bari in duba ko wani abu ne ya mutu."

"Hamsin da shida da uku. A talabijin na gani, da ma don a nuna wa duniya kuka hau? Har na hango ka da faranti a hannu kana lasar yatsa, tsohon banza."

Vonda ta ce da ya dawo gida ranar har waƙa yake yi a wanka.

Yanzu shekara uku ke nan. Duk Asabar ɗin da Corley ke wasa a gida, Delbert na can ɓangaren baƙi, sanye da rigar ko wace makaranta ce ta zo, da sabon allo. Riguna goma sha ɗaya ya tara, na makarantun da bai san a wace jiha suke ba. 'Yan Corley sun san bencinsa, ba mai zama a kai, ɗalibai har waƙar zagi suka yi masa da sunansa da na gyaɗarsa. Tikitin Maddox na shekara kuwa Vonda ke zuwa da ƙawarta.

Rannan a shagon aski Cleon ya tambaye shi nawa da nawa aka tashi wasan Maddox na jiya. Delbert ya ce au, jiya aka yi? Sannan ya ce a bar wannan, shin gaskiya ne sabon kocin Corley rina gashi yake yi, don yana so ya tabbatar kafin ya sayi fenti.