Gaisuwar Yaya a Bakin Shinge

Ai na gan shi, jama'a, da idona, amma bari in faro muku daga tushe. Yayana ne, wanda ya bar rini a Ƙofar Mata ya tafi Kamaru ta Faransa, ya shiga aikin gadi ƙarƙashin jandarma. Fataken goro suka kawo labari wai 'yan daji, masu cewa a kori Bature a raba wa talaka ƙasa, sun ƙone barikinsu. Inna ta daina cin abinci. Shi ne na ce ni zan je.

Mun tashi da asuba, ni da wasu fatake, jirgin ƙasa har Inugu, daga nan sai babbar mota. Hanyar Mamfe siririya ce, yau masu hawa, gobe masu sauka. Ayabar kwabo sai ka ƙoshi ka ba wani, amma tuwo babu ko na magani. A Bamanda fataken suka ce su iyakarsu ke nan.

Ni kaɗai na ƙetara zuwa ɓangaren Faransa. Mota cike, ba mai magana. Ni da daga Gwammaja zuwa karofin da muke rini nake gaisuwa har bakina ya bushe, na yi sallama, na gwada ɗan Faransancin da na tsinta, kowa ya kau da kai. Muka wuce barikin: bango baƙi ƙirin, kwano ya lanƙwashe, takalmi ƙafa ɗaya cikin toka. Ba wanda zan tambaya.

Gaba kaɗan aka tare mu a shinge. Cikin masu bindiga sai ga Yaya, ya rame, farcensa fari tas, babu sauran shuni. Na buɗe baki, sai ya cakumi wuyan rigata ya sauko da ni, yana daka mini tsawa da Hausar da ba mai ji a motar.

"Sunkuyar da kai, sakarai. In 'yan daji suka san ƙanena ne kai, ba ka kwana da rai. Inna fa?"

"Ba ta cin abinci, Yaya."

"Ka ce na ce ta ci. Har yanzu kana cika wa baban rini toka?"

"Na gyara."

"Ƙarya kake."

Ya kwance kayana, ya ga ƙullin yajin da Inna ta daka masa, ya jefa aljihu kamar ya ƙwace, ya hankaɗa ni cikin mota. Wata tsohuwa ta miƙo mini gyaɗa don tausayi. Ita kaɗai ta kula ni a ƙasar nan, shi ma don ta ɗauka Yaya maƙiyina ne.

Da na dawo gida Inna ta ce, "Ya karɓe ka da kyau?" Na ce, "Ya riƙe ni sai da rigata ta yage." Ta ce a zubo mata tuwo.

Na koyo cewa akwai inda ɗan'uwanka zai nuna bai san ka ba, don ka koma gida. Wanda ya bi hanyar nan bayana, don Allah ya gaya mini ko ya ga wani dogo mai wushirya a shingen. Amma kar ku gaishe shi.