Moɗa Biyu a Gidan Inna

A gidanmu na Unguwar Rogo, da an sauke tuwo sai mu zagaye murhu, Inna kakarmu ta miƙe ƙafa tana juya garwashi da tsinke. Ni take fara tsokana: "Angona, matso kusa, ga ta nan tahe."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata randa mai magana. Wai kowa ya zo sai ya tsoma moɗa, ya kafa baki, ya mayar. Randa ta yi ta roƙo a raba moɗar ɗiba da ta sha, aka yi mata dariya. Sai ta riƙa ɓoye ciwon kowane baki, tana miƙa wa mai bi masa, har gari ya kwanta. "Ranad da anka yi moɗa biyu," in ji Inna, "rannan kowa yat tashi."

Ashe ba tatsuniya ce kawai ba, dokar gida ce. Wata bazara ƙanenta Malam Bello ya shigo da ƙishi, ya sha da moɗar ɗiba. Inna ta tuntsurar da randar a gabansa, ga ruwa na wahalar samu. Ya ce ta mai da shi kuturu. Ya saka takalminsa, bai sake tako gidan ba har ya rasu. Dangi suka sa mata mai ƙyamar mutane, kuma wallahi har ni na ji kunyar abin.

Da na zama likita, shekaru na yi ina bin unguwanni da ƙauyuka a kan amai da gudawa, kuma abin da nake koyarwa bai wuce moɗa biyu ba. Bara wata ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi da tsafta ta ba ni lambar yabo. Na kai wa Inna, ta tsufa tukuf, na ce, "Taki ce, ke kika yi gaskiya."

Ta shafa lambar ta daɗe. Na zaci za ta yi murna.

"Gaskiya kam na yi," ta ce. "Amma da na bari Bello ya hita kahin in zubar da ruwan."

Tun ranar, in na shiga gidan mutane, sai na zauna mun gaisa sosai kafin in kalli randarsu.