Rakiyar Masu Dubiya

Kitso ne sana'ata tun ina budurwa a Kurfi, da shi kuma na zo Dutsin-Ma bayan aure. Shi ya sa ranar da likita a Katsina ya gaya mani ƙullutun da ke mamana na dama ciwon daji ne, kuma sai an cire maman gaba ɗaya, tambayar da na fara yi masa ita ce ko hannuna zai ci gaba da aiki. Maigidana ya dube ni kamar na zauce. Likitan ya ce hannu zai yi aiki idan na sa shi aiki.

Bayan tiyata, kafin a sallame mu, wata nas dattijuwa ta tayar da ni daga gado ta tsayar da ni ina fuskantar bango. 'Yar kudu ce, amma ta daɗe a Katsina, Hausarta ta zauna. Ta ɗora yatsuna a bangon ta ce in riƙa tafiya da su sama a hankali. Ko daidai haɓata ban kai ba na ji hammatata tana ja kamar za ta yage.

"Tsaya nan," in ji ta. "Gobe ki ƙara kaɗan. Sannan ki riƙa takawa kullum, ko a tsakar gida ne. Maganin da za a fara ƙara maki yana kashe jiki, in kika biye wa gado sai ya ƙarasa ki."

Muna isa gida na tarar Inna, mahaifiyata, ta riga mu zuwa daga Kurfi da ƙullin kayanta. Daga ranar ta karɓe gidan. Tsintsiya ta fi ƙarfina, ludayi ya fi ƙarfina, hatta buta ita ke kai mani bayi. In na miƙe sai ta ce, "Me kike nema? Faɗi a kawo maki." Ban ga laifinta ba. Ƙanwarta irin wannan ciwo ne ya ɗauke ta shekarun baya, kuma Inna ta riƙe a ranta cewa aiki ne ya gaggauta abin, domin matar tana daka tana surfe har ƙarfinta ya ƙare.

Motsin hannu a bayi nake yin sa, inda ba ta gani. Tafiya kuwa babu hali.

Da aka fara ƙara mani ruwan magani, gashina ya zube, bakina ya daina jin ɗanɗanon komai. Gajiyar da ta zo ban taɓa sanin irinta ba. In kwanta in tashi, ita ce dai. Na lura kuma yawan kwanciyar ba ya rage ta, ƙara ta yake. Wata la'asar na yi sujada na kasa ɗagowa sai da na dafa bango. Ina zaune a kan dardumar na ce wa kaina in dai ƙafafun nan nawa ne, gobe sai sun taka ƙasa.

Na yi wa maigida magana. Ya ce, "Ni ban hana ki ba. Amma ki san yadda za ki yi da Inna, ni ba zan iya haɗa ido da ita a kan wannan ba."

Ga Inna, ga kuma unguwa. A wajenmu matar aure ba ta fita haka kawai ta yi ta tafiya babu inda za ta, balle wadda kowa ya san ba ta da lafiya.

Washegari gwaggona, yayar mahaifina, ta zo dubiya daga Birchi. Ta yi addu'a, ta ajiye 'yar kwaryar fura, ta miƙe za ta tafi. Sai na jawo hijabina na ce, "Gwaggo, bari in taka maki."

Inna ta zuba mani ido. Amma tana jin nauyin gwaggo tun tana amarya, ba za ta iya cewa kada a raka ta ba. Gwaggo ta ce in koma in kwanta, na ce ai ƙofar gida ce kawai. Da ƙyar na ƙetare zaure. Gwaggo na juya baya na zauna a dakali, zufa ta jiƙa mani wuya. A ranar na cinye furar nan, abin da na daɗe ban yi ba.

Daga nan duk wanda ya zo dubiya sai na raka shi. Matan da nake yi wa kitso, dangin maigida daga Shema, maƙwabta. Da farko ƙofar gida, sannan famfon unguwa, sannan wajen injin niƙa. Suna cewa, "Haba, koma hakanan," ina cewa, "Bari dai mu kai kwanar can." Inna ta gane dabarar, ta daina yi mani magana in na dawo, sai dai ta turo mani ruwa a tire.

Na zaƙe wata rana. An ƙara mani magani bai daɗe ba, wata ƙawata ta zo da tsakar rana, na raka ta har bakin titi inda ake hawan keke napep. Ta hau ta tafi. Na juyo ni kaɗai, ban yi nisa ba hanya ta fara juya mani. Na lallaɓa gindin wata dalbejiya na zube kusa da wata mai tuyar awara. Matar ta yayyafa mani ruwa a fuska, ta riƙa yi mani fifita da murfin roba. Ina nan sai ga Inna tafe, ko takalmi babu a ƙafarta.

Ta kama ni ta kai ni gida har ɗaki. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Na binne ƙanwata. Ke ma so kike in binne ki?"

Na ce, "Inna, ita ba ta ga likita ba sai da abu ya ƙure. Ni a asibiti aka ce in taka."

"Ba a ce ki faɗi a titi ba."

"Ba a ce ba. Amma in na kwanta yadda kike so, ba zan ƙara tashi ba. Ina ji a jikina."

Sai ta ce ranar komawa asibiti da ita za a je, ta ji da kunnenta.

Haka aka yi. Ta sami nas ɗin nan ta zayyana mata komai, har da mai awara. Na ɗauka za a goya mani baya, sai nas ta fara da ni. Ta ce wa ya aike ni fita cikin rana, ni kaɗai, a kwanakin da magani ke tsakiyar aiki? Da safe ake fita kafin rana ta yi zafi, da abokin tafiya, kuma ranar da na ji zazzaɓi ko jiri in zauna in kira su. Sannan ta juya ga Inna.

"Mama, tafiyar nan tana cikin maganinta. Ba ita ke kashe ciwon ba, amma ita ke ba ta ƙarfin ɗaukar magani. In kin hana ta, kin rage mata."

Muka hau mota muka dawo gari. Muna sauka a tasha Inna ta ce, "To, ni ce abokiyar tafiyar."

Dama masu dubiya sun fara raguwa, kamar yadda akan yi in jinya ta yi tsawo. Sai muka koma fita da sassafe, gari na wayewa. Ina gaba, Inna na baya da kujera 'yar tsugunno a kanta. Duk inda numfashina ya tsaya sai ta sauke mani in zauna, ita ta tsaya tana jan carbi. In an tambaye mu ina zuwa da farar safiya, sai ta ce, "Asibiti suka aike mu," ta wuce. Akwai safiyar da ko famfo ba na kaiwa. Akwai wadda nake kuka ina ɗaura takalmi. Amma in dai babu zazzaɓi, sai mun fita. Sannu a hankali muka riƙa wuce makarantar firamare har mu hango gonaki, kujera ta riƙa dawowa gida ba a sauke ta ba.

Hannun ma ya biyo. Na daina ɓoyo, a tsakar gida nake hawan bango da yatsu Inna tana cewa, "Jiya kin fi haka." Ranar da na iya ɗaura ɗankwalina da kaina, ita ta fara gaya wa maigida. Bayan an gama ƙarin magani na koma kitso, kan yara tukuna, sannan manya. Hannun yakan kumbura in na matsa masa, sai in ɗora shi a matashi in bar sauran aikin sai gobe.

Da damina ta faɗi Inna ta koma Kurfi saboda gona. Wata maƙwabciyata mai hawan jini ta karɓi tafiyar, yanzu ita ke buga mani ƙofa.

Ciwon bai sake ni ba. A hoton da aka yi mani bara an ga wani abu a ƙashin bayana, aka sauya mani magani. Maigida ya kasa cin abinci ranar. Ni ma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Kafin mu fito daga ofishin likita na tambaye shi ko in ci gaba da fita. Ya ce in ci gaba, amma a hanya mai laushi, ban da ɗaukar kaya, kuma in ciwon baya ya canza salo in zo da wuri. Saboda haka muka bar hanyar gonaki mai duwatsu, muka koma bin gefen filin makaranta. Na rage sauri, na ƙara hutu. Yau da safe ma mun je, mun dawo na karya da koko, yanzu kuma ina jiran wata amarya da za a kawo mani kitso bayan azahar.