Maccido Mai Idon Dutse

Maccido ɗan ƙanen mahaifina ne. Gida ɗaya muka tashi a nan Illela, tun da ubansa ya rasu yana ɗan shekara huɗu. Ni, Sirajo, na yi boko har na samu takarda, ina aiki a sakatariya. Shi kuwa yana aji uku na firamare ya ce karatu na sa shi ciwon kai. Amma je ka tambayi Babanmu, Alhaji Attahiru, wane ne mai basira a gidansa, ka ji sunan da zai kira. Ba nawa ba ne, kuma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Kabu-kabu ya fara yi tsakanin Illela da Ƙonni, har ya karya ƙafa sau biyu. Da labarin zinari ya ɓulla a hamadar Nijar, ya sayar da babur ɗin ya bi ayari. Bayan shekara uku ya dawo a rame, ba zinari ko na ɗan kunne, sai tsohon injin neman ƙarfe da rabin buhun duwatsu. Allah ya yafe mini, ranar na ci tuwo da daɗi.

Ashe a can ya zauna da wani tsohon Buzu mai neman duwatsun da ke faɗowa daga sama, ya koyi abin da ba a koyar da mu a kwaleji ba. Ya kafa ɗan tebur ƙarƙashin dogon yaro kusa da tasha. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: mayen ƙarfe ɗaure da zare, guntun magagari, da fasasshen kofin tangaran. Idan aka kawo dutse sai ya jinjina shi a tafin hannu, ya matso da mayen ƙarfen ya ga ko zai ja, ya goga shi a gindin kofin ya dubi launin zanen. Yawanci sai ya ce marmara ce, mai ita ya tafi yana tsaki. Ba ya yi wa kowa ƙarya don ya ji daɗi.

Wata rana wani makiyayi daga Gidan Katta ya kawo dutsen da matarsa ke danne murfin tukunya da shi. Maccido ya ce na sama ne. Masu saye suka zo tun daga Agadas suka tabbatar. Daga ranar sunansa ya cika gari, Baba kuma ya samu waƙa. Kowane baƙo ya shigo zaure sai ya ji: "Yaron ga, Allah ya ba shi ido." Shekara goma sha biyu ina kawo buhun gero gidan nan, ban taɓa jin an ce Allah ya ba ni komai ba.

Bara bayan girbi na ɗauki hutu. Na tsallaka Ƙonni na aro injin neman ƙarfe wurin wani abokina, don kada Maccido ya sani. Mako uku ina zagaya tsohuwar gonarmu ta Tozai da abin ji a kunne. Na tono ƙusoshi, na tono bakin fartanya, na tono gwangwanin sardin ba adadi. Sai wata safiya, a gefen wani ɗan tudu, injin ya yi kukan da bai taɓa yi ba. Na haƙa kamu biyu, ga dutse baƙi wuluk, mai nauyi, bayansa kamar an narka shi. Mayen ƙarfe ya kama shi caraf. Na gwada da hotunan cikin waya, zuciyata ta ce shi ne.

Ban kai shi teburin tasha ba. Na jira Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zaure ke cika da abokan Baba. Na kwance ƙyalle na ajiye a gabansa.

"Baba, dutsen sama na. Ni nat tono shi da hannuna, can gonarmu ta Tozai."

Kalma ɗaya nake jira. Baba ya shafa dutsen, don idonsa ya yi rauni, sannan ya waiwaya ya ce, "Maccido, mi ka gani?"

Maccido ya ɗauka ya juya shi. Ko mayen ƙarfensa bai ciro ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Baba, bari in tahi da shi in duba da kyau."

"A'a, hwaɗi nan."

"Wanga ba daga sama yaz zo ba. Dubi ramukkan ga ƙanana, dutsen sama bai da su. Kashin maƙera na, dattin da ka saura in an narka tama an hidda ƙarhe."

Wani tsoho ya yi dariya ya mayar da ita tari. Na ji kamar in nutse cikin tabarma. Har rufa mini asirin da Maccido ya so yi ya fi dariyar zafi.

Amma Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi dutsen da hannu biyu, ya kai shi hanci. Sai hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Kakana Lawwali, can Tozai yaka narka tama. Ina ƙarami aka aza ni bisa kahwaɗa in ga wutar. Tun da anka daina, ƙasa tab binne wurin. Shekara nawa ina son in san inda yake kahin in mutu."

Zuciyata ta ɗan ɗago, na gyara zama.

Baba ya kama hannun Maccido. "Allah shi yi ma albarka. Gobe ka kai ni."

"Baba, ai Sirajo yat tono shi. Shi as san wurin."

"To," in ji Baba, yana share ido da hannun riga. "Shi nuna ma."