Benen Kyanwar Inna

Shekarar da Baba ya rasu na ɗauko Inna daga Furana na kawo ta gidana a Ikara. Ba da sauƙi ta yarda ba. Sai da na haɗa ta da fasto, na haɗa ta da ƙannenta, na yi ta zarya a babur har masu shayin bakin hanya suka fara tambayata ko takarar kansila zan tsaya. Da ta ga ba zan haƙura ba, sai ta ce to, amma da kyanwarta za ta taho. Na ce ko jaki ne a taho da shi.

Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta gaya mini magana kai tsaye muddin akwai wanda za ta aika. A gidana matata ce ta zama 'yar aike. Ina zaune, Inna na zaune, tsakaninmu bai fi taku uku ba, sai ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa maigidan ruwan wanka ya yi zafi da yawa." Matata malamar firamare ce, 'yar kudancin Kaduna, ta daɗe tana dariyar wannan al'ada kafin ta saba da ita.

Gidan kuwa sabo ne fil, na yi shekaru ina gina shi bulo-bulo daga albashin ma'aikacin ofis. Abin da na fi ji da shi a cikinsa shi ne tayil. Fari ne mai ƙyalli, tun daga bakin ƙofa har banɗaki. In baƙo ya shigo sai ya dubi ƙasa ya ga fuskarsa, ni kuma in tsaya ina kallonsa yana gani, ina cewa ai ba wani abu ba ne.

Kyanwar tsohuwa ce, baƙa mai farin wuya, wadda ta girma a kan katangar ƙasa da rumbu da danga. Ba ta san titi ba. Sati biyu da zuwansu ɗan acaɓa ya buge ta a ƙofar gida, ƙafarta ta baya ta karye. Inna ta sa aka kira maɗori. Mutumin ya ce ya ɗora mutum, ya ɗora akuya, ya ɗora ɗan maraƙi, amma kyanwa sai yau. Ya ɗaure ƙafar da karare da tsumma, ya tafi da yakushi uku a hannu. Ƙafa ta warke, sai dai ta warke a sandare, ta kuma gaza 'yar uwarta tsawo. Daga nan aka hana kyanwa fita.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. A ɗakin Inna akwai doguwar kabad, a samanta kuma akwai wata 'yar taga, can ne kyanwar take kwanciya tana kallon waje tun kafin ta ji rauni. Bayan ta warke ba ta yarda cewa wani abu ya canza ba. Sai ta hau gado, ta auna kabad da ido, ta murguɗa ƙugu kamar da, ta yi tsalle. Ƙafa uku su tashi, ta huɗu ta ƙi. Sai dai mu ji tim daga falo. A sati guda sau uku ta faɗo, na ukun har sai da ta yini ba ta taɓa abinci ba.

Ran nan na shiga gaishe da Inna da safe, na durƙusa, matata na tsaye da kofin koko. Inna ta amsa gaisuwa tana duban bango, sannan ta ce wa matata, "Ki gaya wa maigidan, in dabbar nan ta sake faɗowa zan mayar da ita inda ƙasa take da laushi."

Na san Inna, in ta kai kyanwa Furana ba dawowa za ta yi ba. Can kuma babu kowa a gidan sai kaji, ga hawan jini, ga rijiya a nesa. Tsoro na ji sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar jana'izar Baba.

To amma ni mutumin ofis ne, kuma mutumin ofis in ya ji tsoro fayil yake buɗewa. Wani abokin aikina ya nuna mini hotuna a waya, ashe Turawa sun daɗe da gama wa kyanwoyinsu wannan matsala: matakala hawa-hawa, da wurin hutawa, da 'yar rumfa a sama. Na ɗauko tef na auna kabad, na auna kyanwa tana harara ta, na zana taswira da rula a bayan wata tsohuwar takardar neman hutu. A hotunan na lura sun naɗe katakon da igiya da wani ƙyalle mai kaushi. Na ce a raina ashe su ma Turawa akwai matsiyata a cikinsu. Na cire wannan daga taswirata.

Kafintan da na kai wa aikin mutumin Janfalan ne, shagonsa na bayan tasha, kuma shi ne yake yi wa rabin amaren garin gado da kabad. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Inna, ya tambayi jikin kyanwa, don labarin ɗorinta ya riga ya zaga gari. Na miƙa masa taswira. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

Ya ce, "Yallaɓai, wannan na takalma ne ko na kwanuka?"

Na rage murya na ce na kyanwar ne.

Ya ajiye zarto ya zauna a kan benci. Ya ce, "Ikon Allah. Mu nan har yanzu da tsani muke hawa soro, kyanwa za a yi wa bene. To ai shi ke nan, boko ya yi rana. Ka ba ni sati ɗaya, zan yi maka aikin da ko Zariya ba a taɓa ganin irinsa ba."

Ya kuwa cika alkawari, bayan sati uku. Da aka sauke abin daga a-kori-kura maƙwabta suka fito, wasu suka ce mumbarin wa'azi na saya wa majami'a. Hawa bakwai ne, kowane hawa an lulluɓe shi da fomika ja mai sheƙi, an bi gefensa da zare ruwan gwal, an kuma manna madubi a tsakiya. Na tambaye shi madubin na mene ne. Ya ce shi aiki ba ya fita daga shagonsa babu fomika babu madubi, domin duk wanda ya gani zai tambaya wa ya yi. Gaskiya ni ma abin ya burge ni. Ya dace da tayil.

Aka jingina shi da kabad. Matata, wadda ba ta rasa abin tsokana, ta ɗaura kintinkiri a hawan farko ta miƙo mini almakashi, ta ce babban baƙo ya buɗe aiki. Na ɗora busasshen kifi a hawa na bakwai. Inna na zaune a bakin gado, hannunta a kan gwiwa.

Kyanwa ta zo ta shinshina. Ta hau na ɗaya, ta hau na biyu. A na uku ta ga wata kyanwa a madubi ta yi mata tsawa. Ta haye na huɗu, ta kai na biyar, ina ta gyaɗa kai kamar injiniya. A nan gurguwar ƙafar ta zame. Ta fito da farata za ta kama, babu abin kamawa, sai ƙiii a kan fomika. Ta sulalo tun daga sama, tana bugun kowane hawa da haɓa, ta faɗo kan tayil, tayil ma ya ja ta har ƙarƙashin gado. Can muka ji ta tana kuka.

Inna ba ta dube ni ba. Ta jawo wani tsohon zane ta shimfiɗa a gado, ta fara ninke kayanta tana zubawa. Ta ce wa matata, "Ki gaya wa maigidan ya nemo mota ranar kasuwa." Saura kwana huɗu ke nan.

Na koma wurin kafinta raina a ɓace. Shi kuma ya ce aikinsa ba shi da aibu, laifin kyanwa ne da ba ta iya hawan bene ba. Na ce ya ɓamɓare fomika. Ya ce in kashe shi ya fi sauƙi. Muka yi ta ja-in-ja har ya ga idona ya kawo ruwa, na gaya masa Inna ta ɗaure kaya. Sai ya sauko. Ya ce shi ma tsohuwarsa tana nan da rai a Janfalan.

Ya ce, "Yallaɓai, abin da dabbar nan take so buhu ne. Buhun algarara, irin wanda take kwana a kai a rumbu. Zan rufe mata shi da buhu, in faɗaɗa hawan, in sa masa ɗan baki a gefe yadda ko ta zame za ta tsaya. Amma a cikin gidanka zan yi, a rufe ƙofa, kuma kada ka gaya wa kowa ni na yi."

Washegari ya zo da tsofaffin buhuna daga wurin wani mai sayar da masara, suna warin sito. Muka fito da benen zuwa falo. Ya farke buhunan ya baje su a ƙasa don ya auna, tun daga ƙofar ɗakin Inna har kusa da ƙofar fita, suka rufe mini tayil. Ina kallon ƙurar masara tana sauka a kan abin alfaharina, zuciyata tana ƙuna. Da aka kira azahar ya ajiye guduma ya tafi masallaci, ni kuma na zauna a kujerar lungu ina jiransa.

Sai labulen ɗakin Inna ya motsa. Ta leƙo, ba ta gan ni ba. Ta dubi buhunan nan. Ta sa ƙafa ɗaya a kan na farko, ta danna, ta kawo ɗayar. Sannan ta saki bango. Ta taho daga buhu zuwa buhu, a miƙe, da irin saurin da na san ta da shi a hanyar gona. Ta ratsa falon duka. Inda buhu ya ƙare, saura taku biyu ta kai ƙofa, sai ta tsaya. Ta miƙa babban yatsan ƙafarta ta taɓa tayil, ta janye shi. Ta daɗe a tsaye a wurin tana leƙen hasken rana a tsakar gida, sannan ta juya ta koma ɗaki.

Na zauna ina lissafi. Wata biyar Inna tana gidana, ban taɓa ganinta a tsakiyar falo ba. Ko ranar Lahadi in za mu majami'a, matata ce take riƙe ta har waje, ni kuma ina cewa ladabin suruka ne. A ofis har yabon Inna nake yi, ina cewa irin matan da ne masu kunya, ba ta fitowa inda ɗan fari yake.

Na sami matata a kicin na gaya mata abin da na gani. Ta ajiye ludayi ta ce, "Sai yau? Sau biyu Mama tana faɗuwa a banɗaki, ni na ɗaga ta. Ta roƙe ni kada in gaya maka, wai ka sha wahala kafin ka sa tayil ɗin nan, kuma kana jin daɗinsa."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na auna kyanwa da tef, na zana mata taswira, na yi faɗa da kafinta a kanta, uwata kuwa tana bin bango a gidana ban gani ba.

Da kafinta ya dawo na ce masa ya gama na kyanwa, sannan sauran buhunan ya manna su a ƙasa, daga ɗakin Inna zuwa banɗaki, daga ɗakin zuwa tsakar gida. Ya dube ni, ya dubi tayil, ya ce, "Yallaɓai, za ka ɓata gida." Na ce ya ɓata. Ya ce to wannan ma kada a ce shi ne.

Kafin la'asar an mayar da bene jikin kabad, ya zama mummuna kamar an yi wa amarya bargon doki. Ba kintinkiri, ba kifi. Kyanwa ta fito daga ƙarƙashin gado tana ɗingishi, ta kafa farata a buhu ta ja, ta sake ja. Ta hau a hankali, tana hutawa a kowane hawa, har ta kai 'yar tagarta ta kwanta ta ba mu baya. Inna ta kalle ta, amma ba ta kwance ƙullin kayanta ba, ni kuma ban sami bakin tambaya ba. Kwana biyun da suka rage na yi su ne kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wani abokin aikina ya leƙo gaisuwa ya tambaya ko shanyar masara na fara a falo.

Ranar kasuwa motar da na yi wa magana ta zo da hantsi, direba ya danna oda. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa, ƙullin kaya na nan a bakin gado. Matata ta shigo bayana. Inna ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Ki gaya wa maigidan, tun da mota ta zo, a aike ta kasuwa ta ƙaro buhu. Hanyar kicin babu ko ɗaya, ni kuwa na gaji da tuwon da ba ni na tuƙa ba."